Ku da Kwalin Shata, Ni da Faifan Sowande

To, mutanen Tudun Wadar Dankadai, saƙonku ya iso, har da na 'yan rakiyarku na Kiru da Bebeji da Doguwa. Laifina dai guda ne. Na ce ina tara faya-fayan wani kiɗa ɗaya tilo wanda makaɗa daban-daban suka kaɗa a Landan da Kanada da Amurka, in saka wannan in saurara, in cire in saka wancan, ina auna su. Shi ke nan aka ce abin ya motsa. Wani malamin firamare daga Kiru ya rubuto da kyakkyawan rubutu irin na masu cike rajista, yana tambaya ko lafiya. Wani dillalin masara daga Doguwa bai ma tsaya tambaya ba, ya yanke hukunci: ƙoshi ne. Na Bebeji ya fi su tausayi, ya ce in zo bakin Tiga in sha iska, zai wuce.

Na gode da kulawa. Amma kafin a kai ni wurin mai magani a bar ni in bayyana abin da ake tuhumata a kansa, don na lura rabin masu ƙarar ba su karanta har ƙarshe ba. Suna ganin sunan Fela suka ɗauka mutumin nan ne na Legas da ya auri mata ashirin da bakwai rana ɗaya. Ba shi ba ne. Wannan Fela Sowande ne. Shi ma ɗan Abeokuta ne, amma ya ba wancan shekara talatin da uku. An haife shi a 1905, ya tafi Landan a 1934, ya yi suna wajen kaɗa babban ogan na coci, ya dawo gida a 1953 ya riƙe sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, ya rasu a jihar Ohio ta Amurka a 1987. A 1944, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ya zauna ya rubuta kiɗan da ya kira African Suite.

Eh, rubutawa na ce, Malam na Kiru, kada ka gyara mini da jan biro. Su can kiɗa a takarda ake zana shi, kowane sauti da alamarsa, kowane makaɗi da shafinsa a gabansa. Wannan kuwa jeri ne mai kashi biyar, kowane kashi da halinsa. Joyful Day na murna ne. Nostalgia na mutumin da sanyin Ingila ya dama, yana begen gida. Lullaby na lallashin jariri. Sai Onipe, sai Akinla a ƙarshe, wanda karinsa na haylayif ne, irin wanda ƙafa kan motsa ba da izinin mai ita ba. Karin kashi biyu daga ciki ya aro su ne daga Ephraim Amu, mawaƙin ƙasar Gana. Duka-duka kamar minti ashirin da biyar ne. Babu ganga, babu algaita, babu bakin mutum. Kusan goge ne zalla, tun daga ƙaramin da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa har zuwa ƙaton da sai an tsaya a tsaye ake ja masa baka.

Nan ne dillalin masara ya ce, “To yaushe za a fara waƙar?” Ya ce shi dai ya san irin wannan kiɗan, shi ake sakawa a fim in za a kashe bos. Ranka ya daɗe, ba za a fara ba. Ka gyara zama.

Tambayar da ta fi cizo ta malamin ce. Ya ce in dai a rubuce yake, kuma ba a ƙara ba a ragewa, to me ya raba faifan farko da na huɗu, ban da kuɗin da na zubar? Wannan tambaya ce ta mai ilimi, kuma abin mamaki ne ta fito daga yankin da ake sana'ar shinkafa. Ku ɗauki shanshera iri ɗaya, daga fadama ɗaya, ku raba wa mata uku masu turarawa. In ta fito daga inji, kai da kanka za ka cusa hannu a buhu, ka ɗebo, ka shinshina, ka gatsa ƙwaya ɗaya, ka ce wannan ta sha wuta, wannan ba ta bushe ba aka kai ta, wannan kuwa hannun gwana ce. Ba wanda ya taɓa ce maka ƙoshi ne. To takardar Sowande ita ce shansherar. Mai sandar da ke tsaye gaban makaɗa shi ke yanke saurin tafiya, shi ke cewa nan a sassauta, nan a danna, nan manyan goge su ja baya ƙanana su fito. Ga zauren da aka yi kiɗan, wani yana da amo, wani a bushe yake. Ga inda aka kafa makirfo. Ga zamanin na'urar kanta.

Wanda kamfanin Decca ya fitar a farkon shekarun 1950, Trevor Harvey na riƙe da sanda, sautinsa ta hanya ɗaya yake fitowa, a matse, kuma gogen sun ɗan yi siriri. Amma an yi shi mai kiɗan na raye, a garin da ya rubuta shi, shi ya sa ba na iya raina shi. Paul Freeman, baƙar fatar Amurka, sau biyu ya taɓa shi: da makaɗan Landan a shekarun 1970, cikin jerin faya-fayan da kamfanin Columbia ya keɓe wa baƙaƙen mawallafa kiɗa, sannan da makaɗansa na Chicago a 2000. Sai dai a na Chicago kashi uku ya zaɓa, ya bar Lullaby da Onipe a gida. Ina jin haushin wannan, domin Akinla ba ya yin daɗinsa sai an biyo ta cikin sanyin waɗancan biyun an iso shi. Wanda ya cika biyar kuma sautinsa ya buɗe shi ne na makaɗan rediyon Kanada da ke Vancouver, ƙarƙashin Mario Bernardi. Shi nake ba baƙo. Na Decca kuwa ni kaɗai nake ci.

Af, tun da an ambaci Kanada. Akwai wani mutum can, Clyde Gilmour, da ya shekara arba'in yana gabatar da shiri a rediyon ƙasar, daga 1956 zuwa 1997, kuma aikinsa kawai shi ne ya ɗebo faya-fayan da ya tara a gidansa ya saka wa jama'a. Taken shirin nasa Akinla ne, kiɗan ɗan Nijeriya. Ku duba fa. A can albashi ake ba mai irin ciwona, a nan bakin dam ake tura shi shan iska.

Yanzu kuma bari in juyo kanku, don laifi tudu ne.

Wane ne a cikinku bai san dattijon nan ba? Kowace unguwa tana da nata, daga Yaryasa har Riruwai. Yana da kwali a ƙarƙashin gado, an ɗaure da tsohuwar robar tayar keke, ba mai taɓawa, har uwargida. Cikinsa kaset-kaset ne, TDK da Maxell da Sony, wasu marfin ya tsage an naɗe da salatif. Ka ce masa, “Baba, a sa mana Bakandamiya.” Ba zai miƙa hannu ba sai ya tambaye ka, “Wacce?” Ta situdiyo kake so, ko wadda ya ɗauka da kansa daga Rediyon Kaduna, ko ta filin wasa inda ake jin hayaniyar mutane da muryar sanƙira tana ratsawa? Ta lokacin da muryar Alhaji Shata ke da kaifi, ko ta girma, da ta yi kauri ta zauna? In ka ce ai duk ɗaya ne, ka gama shan shayi a gidan nan.

Na zauna da irin waɗannan dattawa, na ga yadda ake yi. Ya zaro kaset, ya hura shi, ya zura biro a ramin ya juya har zaren ya ɗame. Ya buɗe rikoda, ya dangwali sifirit da auduga ya goge kan. Ya danna. Kafin kalangu ya shigo ana jin wani shuuu, sai ya ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit. Can tsakiya ya ce, “Ku saurara nan. Wannan ɗan waƙar ba ya cikin waccan.” Ya tsayar, ya zaro wata, ya yi ta gaba da baya har ya kamo wurin, ya tabbatar maka babu shi. Abokinsa ya ce akwai, a tasa akwai, sai dai gaba aka kai shi. A aiki yaro da keke ya ɗauko tasa. La'asar ta yi, a tashi a yi salla, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Wannan fa ba ƙoshi ba ne, ko? Wannan kishin al'ada ne. Ni da na yi da gogen Bayarabe, ni ne mai taɓin hankali.

Kuma direbobin da ke karyawa ta Kwanar Dangora su nufi Jos kada su yi mini shiru. Na san wanda ba ya shiga dajin Falgore sai da Bakandamiyar da ya saba, in yaron mota ya saka wata sai ya ce a cire, wannan ba ta da jan hanya.

Gaskiyar magana, aikinku ya fi nawa wuya, kuma ya fi nawa daraja, ko da yake ba na son faɗa a gabanku. Ni rubutun ɗaya ne, hannuwa ke canzawa. Ku kuwa mutumin ɗaya ne, waƙar ke canzawa. Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda aka haifa a 1923, an san shi da cewa ba ya zama ya yi bitar waƙa kafin ya fita fage. Gindin waƙar na nan, 'yan amshi sun riƙe shi, masu kalangu sun san hanyarsu, amma 'ya'yan waƙar a take yake ɗinka su, gwargwadon wurin da wanda ke zaune da abin da ya faru a makon. Bakandamiya kuwa kirarin kansa ce, ya yi ta yinta tsawon rayuwarsa, tana tsawo tana gajarta, wani ya shiga wani ya fita. Saboda haka in faifan Decca na ya fashe yau, takardar Sowande na nan, gobe wasu makaɗa za su iya zama su kaɗa. In zaren kaset ɗin Baba ya tsinke, kuma shi kaɗai ya danna jan maɓalli a daren nan, to waɗannan 'ya'yan waƙar sun bi mai su. Shata ya rasu a Kano a 1999, aka kai shi Daura aka binne. Ba za a sake ba.

Na'ura ma tana da hannu a ciki, kuma nan ne nake so masu gardama su ɗan rage murya. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, kamar minti uku yake ɗauka a fuska ɗaya, don haka mawaƙin da ya shiga cikinsa dole ya datse waƙar da a fage za ta kai rabin awa. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya sakar wa mawaƙa mara: mai lamba 90 minti arba'in da biyar yake ci a kowane gefe. Narambaɗa bai riski wannan zamanin ba, shi ya sa abin da ya rage na muryarsa bai kai na Shata yawa ba, tasa Bakandamiyar ma ba ta ba masu gardama abin yi sosai. Sannan zaren kaset yana da saurin da aka yanka masa, santimita 4.76 a daƙiƙa. In injin mai kwafa ya kauce wa wannan ko da kaɗan, murya sai ta sirance ko ta yi kauri, kalangu ya yi gaggawa ko ya yi nauyi. In batir ya yi sanyi, haka nan. Na taɓa ganin dattawa biyu sun kusa ɓatawa, ɗaya na cewa tasa ta ƙuruciyar Shata ce don ji yadda muryar ke tashi, ɗayan na cewa tasa ta manyanta ce. Da aka jera su aka bi ɗa bayan ɗa, har tarin da wani ya yi a bayan fage iri ɗaya ne. Ɗauka ɗaya ce. Injin wani mai kwafa ne ya mayar da Alhaji saurayi. Ba su yarda ba, ba shakka. Dokin mai baki ya fi gudu.

Kuma kowane kwafi yana cin wani abu. Daga uwar kaset a kwafa, daga kwafin a sake kwafa, daga Ƙofar Wambai zuwa shagon Tudun Wada zuwa rikodar maƙwabci, kafin ta iso hannunka ƙaramin kalangu ya nutse cikin shuuu, sai babban kawai ake ji. Wanda ya ce maka masu kiɗan Shata ba su da zaƙin hannu, jikan jikan kwafi ya saurara.

To ga inda ni da faya-fayan Turawana muka fi ku, kuma nan ba wasa nake ba sosai. Ka juya bayan kowane ɗaya daga cikin nawa, za ka ga sunan ƙungiya, sunan mai sanda, kamfani, shekara, sau da yawa har zauren da aka yi ɗaukar. Ka juya kaset ɗin Baba. An rubuta “Shata” da biro. In an yi ƙoƙari an ƙara “mai kyau”. Wata an rubuta “kar a ara”. A ina aka yi? Bikin wa? Wace shekara? Wa ke riƙe da babban kalangu? Duk yana kan Baba, kuma Baba ya haura saba'in. Ba wai ba a taɓa yi ba ne. Wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a Zariya a farkon shekarun 1960 yana ɗaukar kiɗan Hausa, aka fitar da shi a faya-fayai biyu a Jamus cikin jerin UNESCO, da bayanin kowane kiɗa, sannan shi da Anthony King suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, shekara goma sha uku kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata kansa digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Manyan sun yi nasu. Amma ba ɗayansu da ya san abin da ke cikin kwalin da ke ƙarƙashin gadon wani tsoho a Burji.

Na san abin da samarin za su ce, don ɗaya ya riga ya faɗa: “Kawu, duk wannan wahalar ta mece ce, komai na waya.” Haka ne, ɗana. Je wurin mai tura waƙa a bakin kasuwa ka ba shi memori ka ce ya cika maka da Shata. Zai cika. Ka dawo gida ka duba. Bakandamiya biyar za ka gani, uku daga ciki abu ɗaya ne da suna daban-daban, ɗaya an yanke mata kai don wanda ya juyo ta daga kaset ya makara wajen dannawa, ɗayar kuma a tsakiyarta wani ya cusa tallan shagonsa da lambar waya. An matse su an sake matsewa don su wuce ta WhatsApp, har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Ga shi na ce ba zan yi zagi ba. Waya ta kyauta, ta ceci abubuwa da yawa da da sun ruɓe, YouTube ma haka, ni kaina ina leƙawa. Amma waya ba ta san wacce ce wacce ba. Baba ne ya sani, ku kuwa kuna jira ya kau ku sayar da kwalin ga mai gwangwan.

Saboda haka ga sulhun da nake nema. Ni zan ci gaba da haukana, ba na neman kowa ya so Sowande. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Malamin Kiru, tun da Allah ya ba ka kyan rubutu, sayi littafi mai layi, ka je ka zauna gaban dattijon unguwarku ranar da ba makaranta. Kowace kaset a ba ta lamba. A rubuta inda ya same ta, da shekarar in ya tuna, in bai tuna ba a rubuta abin da ya tuna: kafin a raba Jihar Kano ne ko bayan, ana gina dam ɗin Tiga ne ko an gama, Shagari ne a sama ko soja. A rubuta sunayen da Shata ya kira a ciki, da inda ta fara da inda ta yanke. Sannan a nemo yaro mai kwamfuta da rikoda mai lafiyayyen kai, a juye ta yadda take, kada ya ce zai gyara, kada ya sa mata taken shagonsa. A mayar wa Baba da kayansa a hannunsa, a gabansa, a ƙirga.

Wannan sharaɗin na ƙarshe da dalili na sa shi. Ina da wata Bakandamiya mai jan marfi, wadda a ƙarshenta ake jin mai gabatarwa ya fara sanar da labarai kafin zaren ya ƙare. Wani bawan Allah ya are ta a tasha, ya ce kwafa kawai zai yi, jibi zai dawo da ita. Mutumin yankinku ne, yana karanta wannan shafin, kuma ina kyautata zaton yana cikin waɗanda suka rubuto suna tambayar lafiyata. Lafiya ƙalau, Alhaji. A aiko da kaset.